Ƙarara, Nonon Tumfafiya da Man Kashu: Darasi Ga Masu Sara da Masu Girki da Itace



Wannan darasi an shirya shi ne domin ku da kuke shiga daji neman itace, da ku da kuke sayar da shi a bakin hanya ko a kasuwar Aboabo, da ku da kuke hura wuta kullum a gidajen Zogbeli da sauran unguwannin Tamale. Zai kuma amfani 'yan'uwa da ke ƙetaren iyaka, a Togo da Burkina Faso da Nijar da Nijeriya, domin tsire-tsiren da za mu ambata suna fitowa a duk wannan yanki.

Abin da muke so ku riƙe shi ne: cutarwar da ke biyo itace daga daji iri uku ce, wato gashi mai ƙaiƙayi, da farin ruwa mai ƙuna, da mai mai tayar da ƙuraje. Kowanne da yadda yake shiga jiki, kowanne kuma da matakin da ya dace da shi. Wanda ya san bambancinsu zai iya tsare idonsa da fatarsa da numfashin 'ya'yansa da abin da bai wuce ruwa da sabulu da ɗan haƙuri ba. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Yadda itace ke isowa gida

A arewacin Ghana damina ɗaya ce a shekara, tana farawa wajen Afrilu ko Mayu, ta ƙare a Oktoba. Da ruwa ya ɗauke, aikin gona ya ragu, sai mata da matasa su karkata ga tara itace. Wani a kai ake ɗauko shi bisa gammo, wani a keke, wani a babur mai ƙafa uku da ake kira motokin. Marke da kirya da dogon yaro da rassan mangwaro da na kashu duk sukan haɗu a dami ɗaya.

Kafin damin ya zama toka yakan bi ta hannuwa da yawa: mai sara, mai ɗaurewa, mai ɗauka, mai sayarwa, yaron da aka aika ya faskara, da uwargida mai girki da goyo a bayanta. Mai sara ne kaɗai ya ga bishiyar a tsaye da abin da ya nannaɗe ta. Sauran duk amanarsa suka ɗauka. Saboda haka nauyin farko yana wuyan wanda ya riƙe adda ko gatari.

Iri na farko: gashin ƙarara

Ƙarara tsiro ne mai yaɗo, dangin wake, wanda masana tsirrai ke kira Mucuna pruriens. Da damina takan hau bishiya ta lulluɓe rassanta, musamman a bakin rafi da gonakin da aka bari su huta. Ganyenta uku-uku ne a kan sanda ɗaya kamar na wake. Furenta shunayya ne mai duhu, yana reto a jere. Kwansonta ya kai tsawon yatsa ko ya ɗan fi, a ɗan lanƙwashe, an rufe shi da gashi mai laushin gani, launin ruwan goro zuwa ruwan ƙasa.

Wannan gashin shi ne masifar. Kowane sili kamar ƙaramar allura yake, yana tsinkewa da an ɗan taɓa shi, ya soki fata, ya bar wani sinadari a ciki. A shekarar 1955 wasu likitocin fata biyu a Amurka suka gano cewa wani furotin ne da ke cikin gashin ke haddasa ƙaiƙayin, suka raɗa masa suna mukunain. Ƙaiƙayin yana tashi cikin minti kaɗan, tare da zafi da ja da ƙananan kumburi. Ba sai mutum yana da borin jini ba. Kusan kowa ya taɓa sai ya ji.

Lokacin haɗarin shi ne farkon rani, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A sa'ar nan ganyen ya bushe ya zube, igiyar ta zama kamar kowace busasshiyar igiya a jikin reshe, amma kwanson yana nan a rataye. Da gatari ya girgiza bishiyar, sai gashin ya zubo a kan wuya da fuska da cikin riga. Iskar hunturu kuma takan kwashe shi ta kai wa wanda ke tsaye a gefe. Idan an ɗaure dami da igiyar ƙarara, ko kwanso ya maƙale a tsakanin itatuwa, to an kai ƙaiƙayin har tsakar gida.

Ku lura da wani abu domin kada ku rikice. Akwai wani nau'in wannan tsiro da ma'aikatan gona ke ba manoma su shuka don gyara ƙasa da danne ciyawa. Kwansonsa ba ya da wannan mugun gashi. Na daji shi ne abin gudu, kuma idan ba ku tabbatar da wanne ne a gabanku ba, ku ɗauka na dajin ne.

Iri na biyu: farin ruwa mai kama da nono

Wasu tsire-tsire idan an sare su sai su tsiyayar da farin ruwa mai yauƙi. Wanda kowa ya sani shi ne tumfafiya, mai faffaɗan ganye da 'ya'ya masu iska a ciki, wadda ke fitowa a kangon fili da bakin hanya da juji. Idan itace ya yi tsada, mutane sukan sare karanta su busar don ƙirare. Akwai kuma aguwa da ake shinge da ita, da tinya da ƙerana masu kauri da ƙaya, da bini-da-zugu.

Ana amfani da wasunsu tun kaka da kakanni. Matan Fulani da tumfafiya suke daskarar da madara su yi wagashi. Wannan sabo ne ke sa a raina ta, alhali kuwa abin da ɗan kaɗan ɗinsa ke daskarar da tukunyar madara ba abin wasa ba ne a cikin ido. Tinya kuwa ƙarfin ruwanta ya kai har masana kimiyya suka ciro wani sinadari mai tsananin ƙuna daga cikinta, suka sa masa suna tinyatoksin, daga sunanta na Hausa.

A fata, wannan ruwa yakan kawo ja da raɗaɗi, wani lokaci har da bororo. Babban haɗarinsa yana ga ido. Yakan fantsama sa'ad da ake sara, ko kuma mutum ya share gumi da hannun da ya taɓa shi. Ruwan tinya da ƙerana da danginsu yana kawo zafi mai tsanani da hawaye da kumburin fatar ido, yana kuma iya yi wa tantanin da ke rufe baƙin ido rauni. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga raunin, tabo na iya zama a wurin, gani ya ragu har abada.

Na tumfafiya ya fi yaudara. Sau da yawa zafinsa kaɗan ne, sai mutum ya wanke fuska ya ci gaba da aiki. Bayan 'yan sa'o'i sai ya ga duniya ta yi masa hazo, saboda tantanin idon ya kumbura daga ciki. Galibi gani yakan dawo cikin kwanaki ko 'yan makonni idan an sami kulawar likitan ido, amma rashin zafi ba dalilin zama a gida ba ne.

A cikin wannan aji akwai shuke-shuken ado guda biyu da ake yi wa makarantu da ofisoshi da gidaje shinge da su. Ɗaya ita ce oliyanda, mai dogon ganye da fure ja-ja ko fari. Ɗayar kuma siririn ganye gare ta da fure rawaya mai siffar mazurari. Dukkan sassansu suna ɗauke da dafin da ke rikita bugun zuciya. Idan an yi musu aski, kada ku kwashi rassan zuwa murhu, kada a yi tsinken tsire ko muciya ko asuwaki da su.

Iri na uku: man kashu da ruwan mangwaro

Kashu asalinsa daga Brazil ne, Turawan Fotugal suka yaɗa shi a duniya tun ƙarni na 16. A yau yana cikin manyan amfanin gonar Ghana, daga Wenchi da Techiman har zuwa Bole da Sawla, kuma gonakinsa suna ta ƙaruwa a arewa. Duk lokacin da aka rage wa bishiyoyin rassa ko aka sare tsofaffi, itacen yakan ƙare a murhu.

Busasshen icen kashu da na mangwaro suna ci da wuta, kuma jama'a da yawa suna girki da su lafiya. Inda matsalar take shi ne ɗanyen ruwan da ke fita daga ɓawon bishiyar da ganye da gindin 'ya'yan, sai kuma baƙin man da ke cikin ɓawon ƙwallon kashu, wanda ya fi duka ƙarfi. Wannan mai yana ƙona fata kai tsaye. Duk wanda ya ga hannun masu fasa kashu ya san haka. Bayan ƙunar kuma, jikin wasu mutane yakan koyi ƙin sa. Daga ranar da jiki ya koya, ko ɗan kaɗan ya taɓa fata sai ƙuraje masu ruwa da ƙaiƙayi su fito.

Abin da ke ɓatar da mutane shi ne jinkirin. Ƙurajen ba sa fitowa nan take. Sukan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku. Kafin nan an manta da reshen da aka ɗauka a kafaɗa, sai a ɗora laifin a kan abinci ko sabulu ko sammu. Ku duba siffar ƙurajen: idan sun yi layi-layi a hannu ko wuya ko kafaɗa, daidai inda reshe ya goga, to ku tuna da itacen da kuka ɗauka shekaranjiya. Sukan yi mako ɗaya zuwa uku kafin su warke. Ba sa yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ruwan bororon ma ba ya ɗauke da cutar. Man da ya rage a riga da gammo da ƙotar adda shi ne ke sake shafar mai shi ko wadda ta yi masa wanki.

Hayaƙi ma yana ɗaukar wannan mai. Idan yara suka jefa ɗanyen ƙwallon kashu a wuta don su gasa, ko aka zuba ɓawonsa a murhu don wuta ta kama da sauri, baƙin hayaƙin da ke tashi yana ƙona ido da maƙogwaro, yana iya kumbura fuska, ga mai asma kuma yana iya toshe numfashi.

Kashu da mangwaro dangi ɗaya ne da wani tsiro mai hawa bishiya da ya addabi masu saran itace a Amurka da Kanada, wanda can ake kira foizin aibi, ma'ana aibi mai dafi. Ba ya fitowa a ƙasashenmu, amma saninsa zai amfani masu 'yan'uwa a can, musamman masu aikin lambu da share fili. Ganyensa uku-uku ne, tsohuwar igiyarsa kuma takan manne wa bishiya da saiwoyi masu kama da gashi. Man da ke cikinsa, urushiyol, yana tayar wa mafi yawan mutane ƙuraje, yana nan da ƙarfinsa a busasshiyar igiya har shekaru, kuma shaƙar hayaƙinsa na iya kai mutum asibiti. Wanda jikinsa ya riga ya ƙi wancan tsiro, sau da yawa ruwan mangwaro da man kashu ma sukan tayar masa.

Kafin ku ɗaga adda

Rigakafi ya fi magani, kuma a wannan aiki rigakafin yana farawa ne da ɗaga kai.

Na ɗaya, ku kewaya bishiyar ku dube ta daga gindi har sama. Idan kun ga kwanso mai gashi yana reto, ku bar ta ku nemi wata. Dami ɗaya bai kai kwana biyu na rashin barci ba.

Na biyu, idan bishiyar a gonarku take kuma dole ne a taɓa ta, ku yanke igiyar ƙarara daga gindi tun da damina, kafin ta yi fure ta ɗaura kwanso. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan lokacin ya wuce, ku yi aikin da sassafe kafin iska ta tashi, ku tsaya ta inda iskar ke fitowa, ku yayyafa wa kwanson ruwa idan hannu zai kai, sannan ku janye igiyar a hankali da doguwar sanda mai ƙugiya. Ku nisantar da yara.

Na uku, ku haƙa rami ku binne kwanson. Kada ku karkaɗe shi, kada ku cinna wa wurin wuta. Wutar rani ba ta tsayawa inda aka so, kuma Ghana tana da dokar hana gobarar daji ta shekarar 1990.

Na huɗu, ku sa tufafin aiki: riga mai dogon hannu, dogon wando ko zane har idon sawu, rufaffen takalmi, da mayafi ko hula da za ta kare wuya. Safar hannu ta roba mai kauri ta fi ta ƙyalle, domin ƙyalle yana shan mai da farin ruwa ya riƙe su a jikin fata. Idan za ku sari tsiro mai farin ruwa, ku sa tabarau, ko da irin na masu babur ne, ku kuma kawar da fuska daga inda adda za ta sauka.

Na biyar, kada ku ɗaure dami da igiyar da ba ku san ta ba. Ku tafi da igiyarku daga gida. Ku zare duk wani yaɗo daga jikin icen tun a daji, kafin ya hau kai ko mota.

Na shida, ku tafi da ruwa fiye da na sha, da ɗan guntun sabulu. Muddin kuna cikin aiki kada hannu ya je ido, kuma ku wanke hannu kafin cin abinci da kafin kama ruwa.

Idan itace ya iso gida

Mai saye ma yana da nasa aikin. Ki duba damin kafin ki biya, uwargida. Idan kin ga busasshiyar igiya ta nannaɗe ice, ko kwanso ya maƙale, ko reshe yana tsiyayar da ruwa, ki tambayi mai sayarwa icen mene ne. Mai sana'ar kirki ba ya jin haushin wannan tambaya, domin ita ce ke kawo masa ciniki gobe.

A ajiye itace a waje, nesa da inda yara ke wasa da inda ake shanya tufafi. A bar ɗanyen ice ya bushe sarai. Rassan kashu da mangwaro kada su shiga wuta sai ruwansu ya ƙafe. Ɓawon ƙwallon kashu kada ya shiga murhun girki ko kaɗan. Haka nan katakon da aka yi wa fenti, da tsohon turken lantarki, da leda da roba, duk hayaƙinsu guba ne.

Ko icen da ba shi da wani dafi, hayaƙinsa yana cutarwa idan ya taru a ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda galibinta daga girki da itace da gawayi da makamantansu take, ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020. Don haka a yi girki a fili ko a madafi mai taga, a sauke goyo a ba wani ya riƙe shi nesa da murhu yayin da wuta ke kamawa.

Tufafin aikin daji a cire su a waje, a wanke su daban da ruwa da sabulu mai yawa, kada a haɗa su da kayan jarirai. A wanke ƙotar adda da gatari da gammo.

Matakin farko idan abin ya faru

Idan gashin ƙarara ne: kada ku sosa, kada ku murza, domin hakan yana ƙara tura gashin cikin fata yana kuma watsa shi. Ku cire rigar a hankali. Ku manna salatif ko filasta a wurin ku ɗaga, ku sake da sabo, har sau da yawa. Bayan nan ku kwarara ruwa mai yawa ku wanke da sabulu ba tare da dirzawa ba. Sai a ɗora tsumma mai sanyi, ko a shafa ruwan kalamin. Man kaɗanya yana iya sanyaya fata bayan an cire gashin an wanke, amma idan an fara da shi zai manne gashin ne kawai. Ƙwayoyin maganin borin jini irin su Piriton ba su cika kashe wannan ƙaiƙayi ba, saboda ta wata hanya daban yake tasowa a jiki. Kada a yi ta ƙara sha don an ga bai lafa ba, musamman ga yara.

Idan farin ruwa ne a fata: ku goge shi da tsumma sau ɗaya ku yar, ku wanke da ruwa da sabulu nan take.

Idan farin ruwa ne ko gashin ƙarara a ido: kowane minti yana da daraja. Ku kwantar da mutumin, ku karkata kansa ta gefen idon da ya shafa domin ruwan kada ya gangara cikin ɗayan. Ku buɗe fatar idon da yatsu masu tsabta, ku riƙa zuba ruwa mai tsabta a hankali daga gefen hanci zuwa waje, ba tsayawa, na minti 15 zuwa 20. Buta ta dace da wannan aiki, haka ma ruwan leda idan an huda kusurwarsa. Za a buƙaci leda da yawa. Daga nan sai asibiti a ranar, ko da zafin ya tafi. Kada a ɗiga nonon uwa, ko ruwan sukari, ko ruwan ganye, kada a sa kwalli. Kada a sayi maganin ɗigawa a kanti ba tare da an duba idon ba, domin wasu magungunan suna ƙara lalata idon da ke da rauni.

Idan man kashu ne ko ruwan mangwaro: ku wanke wurin da sabulu da ruwa mai sanyi da wuri-wuri, tun kafin man ya shige fata, ku wanke har ƙarƙashin farce. Sabulun wanke kwanuka yana cire mai sosai. Kada a yi amfani da kananzir ko fetur ko bilic. Idan ƙuraje sun fito, kada a fasa bororon. A rufe shi da tsumma mai tsabta, a shafa kalamin a inda fata ba ta buɗe ba, a yanke wa yaro farce.

Idan hayaƙi ne: ku fitar da kowa zuwa fili, ku kashe wutar, ku wanke fuska da ido.

Lokacin da ba a jira

Ku tafi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba idan kun ga ɗaya daga cikin waɗannan: numfashi yana wahala ko ƙirji yana kuka, leɓe ko harshe ko fuska sun kumbura, wani abu ya shiga ido, gani ya yi hazo, ƙuraje sun kama fuska ko al'aura ko babban sashe na jiki, wurin ya fara ruwa da mugunya ko zazzaɓi ya biyo baya, ko kuma yaro ya tauna ganye ko 'ya'yan ɗaya daga cikin tsire-tsiren nan. Idan yaro ya ci, kada a tilasta masa amai, kada a ɗura masa manja ko madara. A ɗauke shi a tafi.

Mazauna Zogbeli suna da Asibitin Tamale ta Yamma kusa da su, sannan akwai Asibitin Koyarwa na Tamale mai sashen kula da ido. A ƙauyuka ku fara da ƙaramin asibitin CHPS mafi kusa, su za su tura ku gaba idan da buƙata. Lambar kiran gaggawa a Ghana ita ce 112. Ku riƙe katin inshorar lafiya a inda hannu zai kai gare shi. Ku ɗauki hoton tsiron a waya, ko ku sa guntunsa a leda ku ɗaure, ku kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya ƙarfe nawa abin ya faru da abin da kuka riga kuka yi. Wannan bayani yana taimaka masa ya zaɓi magani daidai.

Tambayoyin bita

Ku tattauna waɗannan a ƙungiyar mata, ko a majalisa, ko da yaran gida:

1. Me ya sa ƙarara ta fi haɗari a farkon rani, kuma wane lokaci ya fi dacewa a yanke ta?
2. Mutum ya ce nonon tumfafiya ya shiga idonsa amma ba ya jin zafi. Wace shawara za ku ba shi?
3. Ƙuraje sun fito wa yarinya a wuya da kafaɗa kwana biyu bayan ta ɗauko itace. Me za ku tambaye ta, kuma me za ku wanke?
4. Waɗanne abubuwa ne ba za a taɓa sa su a murhun girki ba?
5. Minti nawa ake wanke ido, kuma ta wane gefe ake zuba ruwan?

Kammalawa

Amfanin ilimi aiki da shi. A fitarku ta gaba, ku nuna wa yaran da ke bin ku daji yadda kwanson ƙarara yake, daga nesa, ku nuna musu tumfafiya da tinya da aguwa, ku faɗa musu sunan kowanne da harshen da suka fi ji. Ku sa sabulu da igiya da ƙarin ruwa cikin kayan aiki. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, idan kun gama kuma ku miƙa wannan takarda ga maƙwabci.

Allah Ya tsare mana idanunmu, Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa albarka a sana'armu. Amin.